Ido Ba Mudu Ba Ne: Ziyara Ga Tafkin Iyo Na Birnin Roma

Baƙon da ya sauka Roma, babban birnin ƙasar Italiya, galibi tsofaffin gine-gine ake fara kai shi kallo har ƙafafunsa su gaji. Amma can arewacin gari, a gaɓar kogin Tibir, akwai wani wuri da ba kowane ɗan rakiya ke tunawa da shi ba, alhali kuwa labarinsa ya shafi duk wanda aikinsa ya haɗa shi da awo, ko ba da shaida, ko sa hannu bisa takarda. Wurin tafkin iyo ne, abin da ƴan lakwal ke kira pisin. A cikinsa ne, ranar 27 ga Agusta 1960, aka yi wani tsere da bai cika minti guda ba, amma gardamarsa ta haura shekara sittin ba ta kwanta ba. Sanadin wannan gardama aka sake yadda ake yanke hukuncin isowa a gasar iyo ta duniya, kuma har yau da ita ake buga misali wajen horar da mutanen da ke yanke shi.

Hanyar zuwa

Mai son zuwa sai ya hau taragon lantarki mai lamba 2 daga dandalin Filaminiyo, ya zauna har tashar ƙarshe, wato dandalin Mancini. Daga nan tafiyar ƙafa ce ta ƴan mintoci zuwa gada. Wanda ya saba tsallaka kogin Isa bisa gadar Kennedy a Yamai zai raina faɗin Tibir, don kafin ya gama duban ruwan ya kai ƙetare.

Abu na farko da ke tarbar mutum shi ne wani dogon ginshiƙi na farin dutsen marmar, wanda aka kafa a 1932, da sunan Mussolini sassaƙe a jikinsa har yanzu. Shi ne ya sa aka gina wannan unguwa ta wasanni tsakanin 1928 da 1938, ya kuma laƙaba mata sunansa. Bayan faɗuwar mulkinsa aka sake mata suna, ta koma Foro Italiko. A bayanta tudun Monte Mariyo ne, lulluɓe da itatuwa masu kai kamar lema. Gaba sosai ga babban filin ƙwallo inda ƙungiyoyin Roma da Laziyo ke karɓar baƙi. A hannun dama ga jan gini na kwamitin Olampik na Italiya, bayansa kuma wani filin guje-guje da gumakan ƴan wasa wajen sittin suka kewaye, kowane gunki kyautar wata jiha ce ta ƙasar. Can gaba kaɗan ana hango ma'aikatar harkokin waje, fara fat, mai tagogi ba iyaka.

Tafkin yana hannun hagu. An buɗe shi a 1959 domin wasannin Olampik na shekara mai bi mata, kuma masu zanen gini biyu, Enrico Del Debbio da Annibale Vitellozzi, su suka tsara shi. Ba shi da rufi, rana da iska na shigarsa yadda suka so. Tsawonsa metir 50, an raba ruwan layi-layi da igiyoyi masu ƙwallaye, kusa da shi ga wani tafki mai zurfi da hasumiyar tsalle, sannan matakalan zaman ƴan kallo sun sa shi tsakiya. Tun 1963 ake gasar da ake kira Sette Colli, ma'ana tuddai bakwai na birnin Roma, kuma nan ne gidanta a farkon lokacin zafi. Nan aka yi gasar duniya a 1994 da 2009, da ta nahiyar Turai a 1983 da 2022.

Ranar da babu gasa wurin shiru yake, sai motsin ruwa da ƙarar motoci daga bakin kogi. Idon baƙo kan tafi ga hasumiya ko ga shuɗin ruwa. Amma duk labarin wurin yana jikin bangon ƙarshe, inda hannun ɗan wasa ke taɓawa.

Daren da alƙalai suka rabu

A ranar da ake magana Nijar na da kwana 24 da samun mulkin kai. Samari takwas suka hau dandamalin tashi domin karon ƙarshe na metir 100, iyon ga-dama, wanda kowa ke yin salon da ya fi masa sauri. A layi na 3 akwai John Devitt na Ostiraliya, a layi na 4 kuma Lance Larson na Amurka.

Tsarin hukunci na wancan zamani kuwa ga yadda yake. Kowane layi yana da masu agogo uku, kowa da agogonsa na hannu. Ban da su akwai alƙalan isowa, waɗanda ba su riƙe komi sai takarda da alƙalami. An ba kowane matsayi alƙali uku: uku su faɗi wanda ya zo na ɗaya, uku su faɗi na biyu, haka har na takwas, jimla mutum 24 ke nan jere a gefen ruwa. Akwai kuma wata na'ura ta ko-ta-kwana, wadda ake danna mata maɓalli in ɗan wasa ya taɓa bango, ta rubuta lokaci bisa zaren takarda.

Devitt da Larson suka iso bango tare, cikin kumfa da fantsamar ruwa. Mafi yawan waɗanda ke wurin suka ɗauka Larson ya ci. Masu ɗaukar hoto suka yi kansa, Devitt ma ya yi masa barka. Da aka duba agoguna, na Devitt duka uku suka nuna daƙiƙa 55,2, wato daƙiƙa 55 da kashi 2 cikin 10. Na Larson kuwa ɗaya ya nuna 55,0, biyu suka nuna 55,1. Na'urar ko-ta-kwana ita ma ta ba Larson 55,10, ta ba Devitt 55,16.

Sai aka tattara takardun alƙalan isowa. Cikin ukun da aka ɗora wa neman na ɗaya, biyu suka rubuta Devitt, ɗaya ya rubuta Larson. Cikin ukun da aka ɗora wa neman na biyu, biyu suka rubuta Devitt ne na biyu, ɗaya ya rubuta Larson. In aka haɗa shaidar shidan, uku sun ga Devitt gaba, uku sun ga Larson gaba. Max Ritter, tsohon ɗan wasan iyo kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa hukumar iyo ta duniya, ya duba takardun ya nuna cewa ƙuri'u sun yi kunnen doki. Abin da ya kamata a nan shi ne a koma ga na'ura ta raba gardama. Amma shugaban alƙalan, wani mutumin ƙasar Suwed, ya ce shi ya ga Devitt ya riga, ya ba shi tseren. Dokar lokacin ba ta ba shugaba ƙuri'a ba, ba ta kuma ba shi ikon raba kunnen doki ba.

Daga nan wata matsala ta taso: ba ya yiwuwa a rubuta na biyu da lokacin da ya fi na na ɗaya. Sai aka gyara lokacin Larson, aka mai da shi 55,2, daidai da na Devitt. Ma'ana, aka tanƙwara awo domin ya dace da hukunci. Amurka ta ɗaukaka ƙara, ta kawo hotunan da aka ɗauka, aka yi watsi da ƙarar. Ta sake komawa ba sau ɗaya ba, ba a sake komi ba. Larson ya samu lambar zinariya a wannan Olampik ɗin cikin tseren ƙungiya na ƴan huɗu, amma ta metir 100, wadda ita ce tasa ta kansa, azurfa aka rataya masa.

Babu dalilin tuhumar alƙalan nan shida da ha'inci. Tazarar da na'ura ta gani, kashi 6 cikin 100 na daƙiƙa, a irin saurin da samarin ke yi ba ta wuce santimetir 11 ba, ƙasa da tsawon tafin hannu, kuma cikin ruwa mai motsi. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A Roma an nemi ido ya yi aikin mudu, ya kasa. Laifin da ya fi wannan nauyi shi ne na shugaban da ya ba kansa ikon da takarda ba ta ba shi ba.

Allon da ke jikin bango

Wanda ya zo ranar gasa yau zai ga an rataya wani allo ruwan ɗorawa mai baƙin zane a ƙarshen kowane layi. Faɗinsa metir 2,40, tsayinsa santimetir 90, kaurinsa santimetir 1 kacal. Santimetir 30 na bisa ruwa, 60 na ƙarƙashi. Wannan shi ne allon taɓi. Igiyar ruwa ba ta motsa shi, sai an danna shi da ƙarfin da ya kai kilo ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Da an danna, agogon layin ya tsaya. Ɗan wasa ke nan shi ke tsai da agogonsa da hannunsa. Kamfanin agogo na Omega, na ƙasar Suwis, ya fito da shi a gasar ƙasashen nahiyar Amurka da aka yi a Winipeg ta Kanada a 1967, aka kuma yi aiki da shi a Olampik na Meksiko a 1968, shekara takwas bayan abin da ya faru a Roma.

Sai dai na'ura ma ta zo da nata darasi. A Olampik na Munik a 1972, wanda a cikinsa Issaka Dabore ya ciyo wa Nijar lambar tagulla a dambe, Gunnar Larsson na Suwed da Tim McKee na Amurka suka gama metir 400 na iyon gauraye a lokaci guda: minti 4 da daƙiƙa 31,98. Aka tona cikin na'ura har kashi ɗaya cikin dubu, aka tarar Larsson ya riga da kashi biyu, aka ba shi zinariya. Kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa kuwa tafiyar milimetir uku ce, ko kusa da haka. Babu maginin da zai rantse cewa layuka takwas na tafkin siminti tsawonsu ɗaya ne har zuwa milimetir uku. Ana iya ba mutum zinariya saboda kaurin fenti. Don haka hukuma ta tsai da doka: awo ya tsaya a kashi ɗaya cikin ɗari, waɗanda suka yi daidai a nan kuwa an yi kunnen doki, kowa ya karɓi lambarsa.

Shi ya sa a Los Anjalas a 1984 Nancy Hogshead da Carrie Steinseifer suka hau matakin zinariya tare, da 55,92. A Sidni a 2000 Gary Hall ƙarami da Anthony Ervin suka raba zinariyar metir 50 da 21,98. A Riyo a 2016 mutum uku, Michael Phelps da Chad le Clos da Laszlo Cseh, suka karɓi azurfa tare da 51,14. Ɗan kasuwa ya san wannan hikima tun da daɗewa: sikelin da ake auna buhun gero da shi ba a rantsuwa da shi a kan ƙwaya guda.

Makarantar bakin ruwa

To, tun da allo ya karɓi aikin ido, me ya sa har yanzu ake ganin mutane jere a bakin bango, kuma me ya sa ake ɓata watanni wajen horar da su? Dalilan uku ne. Na farko, allo ya san an danna shi, amma bai san da me aka danna shi ba, ko ta hanyar da doka ta yarda ne. Na biyu, allo kan yi gardama, ko yaro ya taɓa shi a hankali bai ji ba. Na uku, mafi yawan gasannin da ake yi a duniya, na lakwal da na unguwa da na jiha, ba su da allo sam, agogon hannu da ido ne kaɗai abin dogaro.

Kowace ƙasa da yadda ta tsara horon. A Italiya tarayyar iyo tana da reshe na musamman mai ɗaukar alƙalai da koyar da su, masu agogo kuwa suna da tarayyarsu daban, wadda asalinta ya koma 1921, tana aika mutanenta ga iyo da tseren keke da na mota. A Faransa a da ana kasa alƙalan iyo mataki uku, C da B da A, daga mai agogo zuwa babban alƙali. Bisa dukansu akwai hukumar duniya, wadda aka kafa a Landan a 1908 da sunan FINA, ta koma World Aquatics a ƙarshen 2022. Ita ke rubuta doka, ita ke riƙe da jerin manyan alƙalai da masu ba da tashi da ƙasashe ke gabatarwa domin manyan gasanni. Amma hanyar kusan ɗaya ce ko'ina: zama a aji a karanta doka, jarrabawa a rubuce, sannan abin da ma'aikata ke kira sitaj, wato tsayuwa a bakin ruwa kusa da wanda ya ƙware, gasa bayan gasa, har a shaida an iya. Mafi yawansu aikin sa-kai suke yi. Da yawa iyayen yara ne da suka gaji da zaman kallo, ko tsofaffin ƴan wasa.

Da agogo ake farawa. Ana koya wa ɗalibi ya tayar da agogonsa da ganin walƙiyar fitilar tashi, kada ya jira ƙara. Sauti na tafiyar metir 340 a daƙiƙa, saboda haka wanda ke tsaye can ƙarshen tafki, metir 50 daga mai ba da tashi, ƙarar kan iso masa a makare da kusan kashi 15 cikin 100 na daƙiƙa, fiye da ninki biyu na abin da ya raba Larson da Devitt. In ɗan wasa ya kusa isowa, mai agogo ya matso bakin bango, ya sunkuya ya dubi ƙasa, ko da ruwa zai jiƙa masa takalma. Kada ya danna don ya ga hannu na zuwa, sai hannu ya taɓa. Kada kuma ya goge agogonsa sai an rubuta lokacin an ba shi izini. In agogo uku ne a layi, biyu suka dace, nasu ne lokaci. In duka ukun suka saɓa, a ɗauki na tsakiya. In ɗaya ya lalace, a haɗa biyun a raba biyu. Ba a bar wa kowa zaɓin son rai ba.

Daga agogo sai sanin taɓi, don kowane salo da irin isowarsa. A iyon ga-dama kowane sashe na jiki ya taɓa bango ya isa. A iyon rigingine dole ɗan wasa ya taɓa yana kwance bisa bayansa, in ya kife kafin ya taɓa ya fita. A iyon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi dole hannu biyu su taɓa lokaci guda, a rabe, ba ɗaya bisa ɗaya ba. Alƙalin da ke tsaye a kan layi shi ke duba wannan, kuma abin da ake nanata masa shi ne ya kai rahoton abin da ya gani da idonsa kawai. In yana shakka, shakkar ta amfani ɗan wasa. Shi ba ya fitar da kowa, rahoto yake kaiwa, babban alƙali ke yanke hukunci.

Sai aikin alƙalin isowa kansa, wanda ya fi kowane sauƙin faɗi da wuyar yi. Doka ta ce a zaunar da shi wuri mai tudu, daidai saitin bangon ƙarshe, inda babu abin da zai tare masa gani. Wanda ya goce daga saiti ko da taki biyu ne, layin da ke kusa da shi zai riƙa yi masa kamar ya riga. Ana koya masa ya bar bin tseren da ido in an kusa ƙarewa, ya kafa idonsa bisa bango, ya bar hannuwa su shigo masa. Lambar layi yake rubutawa, ba suna ba, ba ƙasa ba: 4, 3, 6, haka bi da bi. Ana son ya iya rubutu ba tare da ya dubi takarda ba, don wanda ya sunkuya ya rubuta na ɗaya ya rasa na uku da na huɗu. Ba a haɗa masa wannan aiki da riƙon agogo a tsere guda.

Abubuwa uku ake hana shi, kuma su ne zuciyar horon. Kada ya dubi babban allon sakamako kafin ya rubuta. Kada ya leƙa takardar na kusa da shi ko ya tambaye shi. Kada ya cike gurbin da bai gani ba da zato. Dokar hukumar duniya ta tanadi cewa kowane alƙali shi kaɗai yake yanke abin da ya gani, ba tare da jingina ga wani ba. Hikimar a fili take: shaidu uku da suka yi shawara kafin su yi magana sun zama shaida ɗaya. Sabon ɗalibi kan ji kunyar miƙa takarda da gurbi a cikinta, yana ganin kamar ya gaza. Masu koyarwa kan sha wahala kafin su fahimtar da shi cewa gurbi gaskiya ce, ana iya cike shi da shaidar wani ko ta agogo, amma lambar da aka rubuta bisa zato ƙarya ce mai sa hannu, kuma babu mai iya gane ta daga baya.

In an gama, kowa ya sa hannu bisa takardarsa, shugaban alƙalan isowa ya tattara ya kai wa babban alƙali. Nan ma an rubuta komi dalla-dalla. In akwai allon taɓi kuma ya yi aiki daidai, abin da ya nuna shi ke gaba da agogon hannu da ido. In ya kasa, a koma ga maɓallan ko-ta-kwana ko hotunan kamara, sannan agoguna. An tsara wannan jeri ne tun kafin a shiga ruwa, domin kada a wayi gari mai muƙami ya zaɓi shaidar da ta yi masa daɗi bayan ya ga wanda za ta amfana.

Ranar da horo ya yi rana

An ga amfanin wannan a Pekin, ranar 16 ga Agusta 2008, a metir 100 na malam-buɗe-littafi. Milorad Cavic na Sarbiya yana gaba har dab da bango, ya miƙe hannuwa yana sulalewa. Michael Phelps, da ke neman zinariyarsa ta bakwai a wannan Olampik, ya ƙara rabin wurgi ya doki allo da ƙarfi. Ido ya ce Cavic, allo ya ce Phelps 50,58, Cavic 50,59. Sarbiya ta kai ƙara. Babban alƙalin tseren ɗan Afirka ne, Ben Ekumbo na ƙasar Kenya. Bai ce shi ya gani da idonsa daga inda yake tsaye ba. Ya bi matakan da doka ta shimfiɗa, ya duba hotunan kamara ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar da abin da allo ya nuna, aka kuma nuna wa wakilan Sarbiya hotunan. Masu gardama ba su ƙare ba, amma ba a taɓa lokacin kowa ba, ba a kuma ƙirƙiro wata ƙuri'a ba.

Dokar bakin ruwa ta taɓa ɗan Nijar ma, ko da yake ta wajen tashi ne. A Sidni, ranar 19 ga Satumba 2000, mutum uku aka jera a rukunin farko na metir 100: Karim Bare na Nijar, Farkhod Oripov na Tajikistan, da Eric Moussambani na Gine Ekwatoriyal. Biyun farko suka faɗa ruwa kafin a ba da tashi, aka fitar da su nan take, don doka ba ta ba da dama ta biyu. Moussambani ya yi tseren shi kaɗai cikin minti 1 da daƙiƙa 52,72, duniya ta san sunansa. Irin wannan doka a ƙananan gasanni na gida ake sabawa da ita, inda akwai wanda aka horar ya tsai da ita. Ƙasar da ke son ƴan wasa tana bukatar alƙalai kamar yadda take bukatar tafki, kuma horar da alƙali ya fi gina tafki araha nesa ba kusa ba.

Komawa bakin bango

Ruwan Roma ya ga sauri iri-iri tun bayan 1960. A cikinsa Cesar Cielo na Birezil ya yi metir 100 cikin 46,91 a 2009, ya kafa bajintar duniya. A cikinsa kuma David Popovici na Rumaniya, yana ɗan shekara 17, ya karya ta da 46,86 a watan Agusta 2022, kafin Pan Zhanle na ƙasar Sin ya sauko da ita zuwa 46,40 a Paris a 2024. Abin lura shi ne tsakanin Cielo da Popovici, shekara 13 na jira, kashi 5 ne cikin 100 na daƙiƙa. Bai kai abin da na'urar ko-ta-kwana ta gani tsakanin Larson da Devitt ba, wanda aka share da alƙalami a dare guda.

John Devitt ya rasu a 2023, Lance Larson ya bi shi a 2024. A littafin Olampik sunayensu na nan jere, na ɗaya da na biyu, kowa da 55,2 a gabansa.

Da yamma, in rana ta faɗa bayan tudun Monte Mariyo, inuwa kan fara rufe matakalan ƴan kallo kafin ta sauko bisa ruwa. Ranar gasa, a irin wannan lokaci ne ake kunna fitilu, alƙalai su shigo a jere kowa ya nufi kujerarsa. Ƴan kallo ba su san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma in aiki ya yi kyau ba za su taɓa sani ba. In usur ya yi ƙara, samari suka faɗa ruwa, dubban idanu kan bi su har ƙetare su dawo. Alƙalin isowa kuwa idonsa na bisa bango, alƙalami a hannu, takardarsa fara, yana jiran abin da zai gani.